Tsaga Takwas a Ƙofar Hajja

Kafin masu shayin bakin kasuwar katako su gama hura wuta, Baba Ezekiya ya riga ya jingine kekensa a katangar injin tsaga katako, ya tsuguna yana kwasar abin da kowa ke takawa ya wuce. Garin katako yake ɗiba, kuma ba kowanne ba. Sai ya tambayi masu injin abin da suka tsaga jiya da yamma. In maɗaci ne ya ɗiba a leda guda, in malaina ce a wata ledar daban, in kuwa sun cakuɗa biyun a wuri ɗaya sai ya yi tsaki ya bar musu kayansu. Masu injin sun daɗe da daina yi masa dariya. Har akwai wanda ke tara masa a gefe tun kafin ya iso.

Daga nan sai gida, a unguwar Lokuwa cikin Mubi, ya zauna gindin dalbejiya ya tankaɗe garin da wata tsohuwar rariya. Rariyar ta matarsa ce, Mama Roda, kuma har yau in aka tayar da zancen sai ta ce ita dai ba ta tuna ranar da ta ba shi kyauta ba. Abin da ya tankaɗe ya zuba a gwangwanayen madara, kowanne da irin katakonsa. Babu rubutu a jikin ko ɗaya, da ido da hanci yake gane su. Ya sha kununsa, ya ɗaure akwatin kayan aiki a bayan keke, ƙarfe takwas ta yi masa a ƙofar gidan wani.

Wanda bai san shi ba zai ce kafinta ne, kuma bai yi ƙarya ba. Amma ni tun da na san shi ban taɓa ganin ya ƙera sabon gado ko kujerun falo ba. Aikinsa gyaran abin da ya lalace: firam ɗin ƙofa da gara ta ci daga ƙasa, katakon gefen taga da ruwan damina ya ruɓar, siririn katakon da ake bi da shi a gefen silin in ya tsage. Abin da wani kafintan zai kalla daga tsaye ya ce a ɓalle a sa na ƙarfe, shi Baba sai ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa da ƙotar cizal, ya kara kunne. Inda katako ke da lafiya ƙararsa daban, inda gara ta rarake cikinsa ta bar fatar waje ƙararsa daban. Shekara arba'in da biyar yana wannan sauraro a gidajen Mubi.

To, kunnen ne ya gaji. Tun bara sai ka ɗaga murya kafin ya amsa gaisuwarka, shi kuma ya ce ba zai ci gaba da taɓa ƙofofin mutane da kintace ba. A ƙarshen watan nan 'yarsa Miriyamu za ta zo ta kwashe su, shi da Mama Roda, su koma garin Muchalla inda gonarsa take. Ba za a yi masa taro ba, ba mai miƙa masa takardar yabo, don shi ba ma'aikacin kowa ba ne. Shi ya sa ni Rumasa'u Abakar, malamar firamare, wadda kowa ya san bakinta ba ya zama shiru, na ce bari in rubuta abin da na sani game da shi kafin ya hau motar Muchalla.

In ba ka da haƙuri, kada ka tsaya kallon Baba Ezekiya yana aiki, ranka ne zai ɓaci a banza. Da farko zai ƙwaƙule duk inda ya ruɓe har sai cizal ta fara fitar da katako mai ƙamshi. Ramin da ka kira shi dominsa, ɗan ƙarami kamar kan yatsa, kafin ka ankara ya zama wanda hannunka zai shiga, kai kuma kana tsaye kana salati. Sai ya sa maganin gara ya tafi abinsa. Washegari ya dawo, ya kwaɓa garin katako irin na wurin da farin gam, ya yi kauri kamar tuwon da bai gama nuna ba, ya danna kaɗan a ramin, ya sake tafiya. Ba ya cika rami a zama ɗaya. Ya ce in ka cika shi lokaci guda, bayan ya bushe ciki ɗanye, nan da wata biyu ya tsotse ya faɗo. Sai ya yi hawa uku ko huɗu, na ƙarshen ya ɗan ɗara katakon tudu, sannan ya bi da samfefa, takardar goge katako, a hankali, yana bin yadda jijiyar katakon ta kwanta. In ramin ya yi girma, sai ya yanko ɗan guntun katako ya dasa, kwaɓin ya cike gefe-gefen kawai. In ya gama, ka shafa hannu ka nemi inda aka gyara.

Wani maƙwabcinmu, Wisdom, mai shagon gyaran waya, ya kira shi tsakiyar watan Agusta saboda tagar ɗakinsa. Baba ya zo, ya danna katakon da farce, ya ce ruwa ya sha, ba zai sa hannu ba sai an ɗauke ruwa. Wisdom ya yi magiya, ya ce surukansa za su zo daga Betso. Baba ya ce surukai sun san damina, su ma a cikinta suke. Wisdom ya yi fushi ya kira wani, aka cike masa aka shafa fenti a yini ɗaya, kafin Kirsimeti abin ya ɓamɓaro ya faɗo cikin kwanon abincinsa. Da bakinsa ya ba ni labarin, yana dariya. Ya ce da kunya ya koma wajen Baba, shi kuwa ya dai tambaye shi lafiyar surukai ya kama aiki.

Madam Vanessa, wadda ke da shagon ɗinki a Kolere, nata labarin babu dariya a ciki. Ta ce lokacin da mutane suka fara dawowa bayan gudun da aka yi lokacin rikici aka bar garin, kusan kowane gida a layinsu an ɓalle ƙofa, firam ya dare inda sakata take. Mutum ya dawo gidansa amma ba shi da abin da zai rufe ya kwanta. Ta ce Baba Ezekiya ya bi layin gida-gida da kekensa, bai tambayi wane ne mai zuwa coci wane ne mai zuwa masallaci ba. Inda za a iya haɗawa ya haɗa, inda za a cike ya cike. Ta ce ranar da ya gama tata ƙofar, ta tura sakata ta ji ta shiga, sai ta zauna a ƙasa ta yi kuka, shi kuma ya yi kamar yana neman wani abu a akwatinsa har ta gama.

Kai ne wannan, Baba. Ezekiya na Roda, likitan katako. Kai ne wanda ka shiga ɗakunan matan aure da na tsofaffi shekara da shekaru, ba a taɓa jin maganar gidan wani a bakinka ba.

Amma akwai wata ɗabi'a tasa da ta fi ba mutane haushi, ni ma har da ni. Duk ramin da ya gani, duk wata ƙarzuwa a jikin katako, ba zai cike ta ba sai ya kira mai gidan ya nuna masa da yatsa. Da Hausarsa irin tamu ta Mubi, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, sai ya ce:

"Wannan, wa ya yi shi? Gara ne, ruwa ne, ko mutum?"

In ka ce ba ka sani ba, sai ya ce a tambayi wanda ya fi ka daɗewa a gidan. Ni da na fara jin haka cewa na yi tsufa ne da son surutu. Rami ai rami ne, a cike mu wuce. Haka nake gani har shekara biyu da suka wuce.

Mahaifinmu, Alhaji Abakar, ɗan kasuwa ne da ya zo daga Borno ya zauna a Shuware tun yana saurayi. Ya rasu shekara shida ke nan. Ni ba a gidan na girma ba. Ina da shekara huɗu goggona ta ɗauke ni riƙo zuwa Maiduguri, can na yi karatu, can aka yi mini aure, gida sai hutu in kwana bakwai in koma. Bayan rasuwarsa ne aikin maigidana ya dawo da mu Mubi. Saboda haka akwai abubuwa da yawa na gidanmu da ƙanina Mubashshir ya sani ni ban sani ba, ko da yake ban taɓa yarda da hakan a gabansa ba.

Mahaifiyarmu, Hajja, yanar ido ta riƙa rufe mata gani sannu a hankali har ta kai da lalube take tafiya. Aka sa ranar yi mata aiki a Yola, Mubashshir ya tafi da ita, za su yi kwana goma. Ni kuma sai wata dabara ta faɗo mini. Na ce abin da Hajja za ta fara gani da sabon idonta, ɗakinta ne fes. Na sa aka yi wa bango farar ƙasa, na sauya labule, na sayi sabuwar shimfiɗa. Sai ƙofar ta tsaya mini a rai. Tsohon firam ne na maɗaci, ya yi baƙi saboda shekaru, gara ta taɓa shi daga ƙasa, kuma a gefen dama ta ciki akwai wasu tsage-tsage a jere, daga wajen gwiwa zuwa wajen ƙirji, kamar yara sun yi wasa da wuƙa.

Na san Baba Ezekiya, na san gidansa. Amma na lissafa kwanakinsa na zuwa da komawa da tambaye-tambaye, na ce wannan sai Hajja ta dawo bai gama hawa na biyu ba. Ni da na yi karatu, ga waya a hannuna, me zai gagare ni? Na kalli yadda ake yi sau biyu, na shiga kasuwa na sayo fila ta gwangwani, irin wadda ake cike ramin katako da ita, da samfefa, da shuɗin fenti. Na ɗaura ɗamara. Ƙasan da gara ta ci na kankare da wuƙar kicin, ɓawon katakon yana zubowa, na share na watsa a murhu. Na cike ramin dam a zama ɗaya. Tsage-tsagen nan ma na bi su ɗaya bayan ɗaya na shafe, na goge, na mulka fenti har hawa biyu. Na koma baya na riƙe ƙugu ina kallo, wallahi har hoto na ɗauka na tura wa ƙawayena.

Ranar da suka dawo, Hajja ta shigo da baƙin tabarau, tana ganin kowa tana kiran sunansa, gida ya cika da murna. Na kama hannunta na kai ta ɗakin, ina jiran yabo. Ba ta kalli bango ba, ba ta kalli labule ba. Ta ɗora hannu a gefen ƙofar ta ciki kamar yadda ta saba, ta shafa ƙasa, ta shafa sama, ta sake shafawa. Ta cire tabarau ta matso da fuskarta. Sannan ta juyo ta dube ni da idon da aka gyara mata, ta ce a hankali:

"Kin shafe su."

Ta ce a kai mata tabarma ɗakin baƙi, wai warin fenti zai dami idonta.

Mubashshir ne ya ja ni bayan kicin ya faɗa mini, kuma ko faɗa bai yi mini ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya ce mahaifinmu, duk ranar da aka yi sunan ɗa a gidan, in an gama yanka rago, da wuƙar yankan yake yin tsaga ɗaya a jikin ƙofar Hajja. Mu takwas ta haifa, tsaga takwas. Mu huɗu muka rayu. Huɗun da suka koma tun suna jarirai ba su da hoto, ba su da takardar haihuwa, kaburburansu ma tuni babu wanda zai iya nuna su. Abin da ya rage na shaidar sun zo duniya shi ne waɗannan tsage-tsagen, kuma kullum in Hajja ta idar da sallar asuba sai ta bi su da yatsa, ta kira sunan kowa, ta yi masa addu'a. Shekarun da ba ta gani, da hannu take gaisawa da su.

Ni dai na zauna a kan turmi. Na tsani kaina a ranar. Kwana uku Hajja tana ɗakin baƙi, in na gaishe ta ta amsa, in na kawo abinci ta ce an gode, shi ke nan. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

A rana ta huɗu na tafi Lokuwa da sassafe. Na tarar da Baba yana tankaɗe, na durƙusa na faɗa masa komai, ina magana ina share hawaye da mayafi. Ya saurara har na gama. Abin da kawai ya tambaya shi ne ko Hajja ta san na zo. Na ce a'a. Ya ce to a fara gaya mata, don ƙofarta ce. Sannan ya ce ya san ƙofar, shi ya kafa ta lokacin da Alhaji ya gina ɗakin. Ya ce bayan 'yan shekaru an kira shi ya gyara sakata, ya ga tsaga biyu a jiki, ya ɗauko samfefa zai goge, Alhaji ya riƙe masa hannu. Ya ce daga ranar ne ya koyi tambaya. Ban sani ba ko don ya sanyaya mini rai ya faɗa, amma ya sanyaya.

Aka gaya wa Hajja, ta ce ya zo. Da ya zo ya ga aikina, na yi zaton zai yi mini dariya ko ya girgiza kai. Ya dai shafa fentin ya ce na yi ƙoƙari, hannuna bai karkace ba. Mubashshir, da son a gama da wuri, ya kawo shawara cewa tun da ya san wuraren, a ɗauko wuƙa kawai a yi sababbi guda takwas a kan fentin. Baba ya dube shi ya ce yatsan da ya shekara arba'in yana bin abu ba a ruɗinsa. Ya ce na Alhaji suna nan a ƙarƙashi, ba inda suka je, tono su za a yi.

Ya fara da kankare fentin da gefen fasasshen gilashi, kaɗan-kaɗan, don kada ya ci katakon. Da fentin ya tafi sai ga filata ta bayyana, fara sol a cikin jan maɗaci, layi-layi. Ya ɗauko wata wayar keke da ya wasa bakinta kamar allura, ya zauna a kan kujera 'yar tsugune, ya shiga ƙwaƙulo filar daga cikin tsagar farko ta sama. Ba ya danna ƙarfen, sai ya ɗan taɓa, ya hure, ya shafa da yatsa. Ya ce in ya kuskura ya faɗaɗa tsagar ko da kaurin gashi ne, ta zama tasa, ba ta Alhaji ba. Da safe kawai yake yi, lokacin da rana ke faɗowa a kan ƙofar. Da inuwa ta rufe wurin sai ya tattara kayansa. Ni ina tsaye a kansa kamar mai gadi, na kawo ruwa, na kawo kunu, na tambaye shi ko da abin da zan taya. Ya ce in matsa, ina tare masa haske.

Ranar farko ya fito da biyu. Rana ta biyu, uku. Hajja ba ta leƙo ba, amma na lura ta matso da tabarmarta bakin ƙofar ɗakin baƙi, inda za ta iya jin ƙarar ƙarfen. Rana ta uku ya fito da wasu biyun, bakwai ke nan. Ya gangara ƙasa, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya daɗe. Sai ya sa cizal ya ɓamɓare dunƙulen filar da na cusa a ramin gara. A ƙarƙashinsa babu komai sai rami da gara tana ta hidimarta, don ni ko magani ban sa ba. Ya tambaye ni ɓawon da ke saman ramin. Na ce na kankare. Ya ce ina na zuba. Na ce a murhu.

Ta takwas ɗin, wadda ta fi kowacce ƙasa, ita ce ta farko. Ta ɗan farin Hajja ce, Abdulwahhab, wanda ya yi wata uku a duniya. Gara ta cinye bayanta ta bar ta a kan ɓawo, ni kuma na kankare ɓawon na dafa shayi da shi. Na ce wa Baba don Allah ya yi mini rai, in ya cike ramin ya zana wata a wurin, ai ya san yadda take, ba wanda zai faɗa. Ya ce shi zai faɗa. Ya tashi, ya karkaɗe wandonsa, ya je ya tsuguna nesa kaɗan da tabarmar Hajja, ya gaishe ta, ya gaya mata bakwai sun dawo, ɗaya ba za ta dawo ba, kuma ya gaya mata wacce. Hajja ta ce ya gyara ramin yadda ya saba.

Kwana shida ya yi a kan ramin nan. Ya ƙwaƙule, ya sa magani, ya bari ya bushe. Ya zo da guntun tsohon maɗaci, wai sabo ba zai yi launin wannan ba, ya dasa. Ya kwaɓa gari da gam ya cike gefen, hawa-hawa, yana tafiya yana dawowa. Ya goge da samfefa mai kaushi, ya bi da mai laushi, ya shafa ɗan mai a tsumma ya murza. Da ya gama, ni da na san inda ramin yake sai da na durƙusa kafin na gano bakinsa.

Sannan ya tambayi Mubashshir ko wuƙar yankan Alhaji tana nan. Tana nan, a cikin adakar Hajja, a naɗe cikin tsumma. Baba ya karɓa, ya wasa ta a dutsensa, ya gwada a farcensa. Ya aika a kira Hajja. Ta zo, karo na farko tun ranar da ta dawo daga Yola. Ta ɗora yatsa a tsagar sama ta gangaro, leɓɓanta suna motsi, har ta zo ta bakwai, ta wuce zuwa inda babu komai sai sumul, ta tsaya. Baba ya juya wuƙar ya miƙa mata ta wajen ƙota.

"Hajja, ni cike rami na iya," in ji shi. "Wannan ɗin ba ni na haife shi ba."

Ya fita tsakar gida ya ba mu baya, ya shiga jera gwangwanayensa a akwati. Hajja ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara. Ta auna wurin da yatsa, ta ɗora bakin wuƙar, wuƙar ta zame. Ta sake ɗorawa, ta sake zamewa. Ina tsaye a bayanta. Ba tare da ta waiwayo ba ta ce:

"Rumasa'u, riƙe mini hannu. Rawa yake yi."

Na durƙusa na riƙe wuyan hannunta, muka ja wuƙar tare. Tsagar ta fito a ɗan karkace, kuma ta fi sauran zurfi. Hajja ta kira sunansa, ta yi masa addu'a, na ce amin. Ba ta cire hannunta daga nawa ba sai da ta dafa ni ta miƙe. A ranar aka mayar mata da tabarmarta ɗakinta.

Ga matasan kafintocin garin nan, masu sababbin injuna da saurin hannu, ban ce ku bar injunanku ba. Amma kafin watan nan ya ƙare, ku je Lokuwa ku zauna gindin dalbejiyar nan ko da yini ɗaya ne, ku ga yadda ake kwaɓi, ku ji abin da ya sa ake jira. In kunyar tambaya kuke ji, ku ce gaisuwa ta kawo ku. Mu kuma masu gida, masu son a gama yau a yi hoto, ina magana ne da kaina kafin kowa: in mai aiki ya ce sai gobe, ba kullum ne lalaci ba. Malamai irina, da masu jinya, da duk wanda ake damƙa wa abin wani ya gyara, akwai abin koyi a wurin dattijon nan, kuma ba sai mun iya riƙe cizal ba.

Baba, na san ba ka karanta jarida, kuma in an karanta maka a hankali ba za ka ji ba. Na roƙi Miriyamu ta zauna kusa da kunnenka na dama, wanda ya fi, ta ɗaga murya, ko da mutanen Muchalla duka za su ji. Na gode. Wisdom ya gode, Madam Vanessa ta gode, gidajen da ba zan iya ƙirgawa ba daga Shuware zuwa Kolere sun gode. Hajja ta ce in gaishe ka da Mama Roda, ta ce Allah ya ba ka damina mai albarka, ya sa ka ci gonarka da lafiya. Ni kuwa ba ni da abin da zan saka maka da shi. Ka tono wa tsohuwa 'ya'yanta bakwai daga ƙarƙashin fentina, ka ƙi taɓa na takwas, ka bar mata ta yi da hannunta. Ban sani ba ko ka san abin da kake yi lokacin da ka ba mu baya. Ni dai a ranar na samu uwata.

Allah ya huta gajiya, Baba.